Kunnen Mai Haɗa Lasifika

Mutane suna ɗokin Sallah, ni kuwa na daɗe ina fargabar satin da ke gabanta. Sana'ata haɗa rediyo da lasifika a mota, rumfata tana bayan tasha a Illela, kusa da masu faci. Mota sai ta shekara tana tafiya bebiya mai ita bai damu ba, sai goman ƙarshe na azumi ya tuna yana son kiɗa. Su zo su jeru tun daga bakin rumfa har wajen mai sayar da baƙin mai, kowa da gaggawarsa, kowa kuma a ganinsa shi ya riga zuwa.

Mu a nan Sallah biyu muke yi wa aiki. Sau da yawa mutanen Ƙwanni, garin da ke tsallaken boda, kan riga mu ganin wata, to motocinsu ne ke fara tsallakowa, da sefa a aljihu da rantsuwar cewa gobe Sallarsu, in ban gama yau ba na kashe su. Ka lallaɓa ka sallame su, namu su taso maka da tasu rantsuwar. Babu wanda ya taɓa mutuwa don rediyonsa bai yi magana ran Sallah ba, amma je ka gaya wa saurayin da ya ari motar yayansa don yawon Sallah.

A shekarar da nake ba da labari azumi ya faɗo cikin bazara. Kwanon rumfa yakan ɗauki zafi tun hantsi, kujerar mota ta ƙona maka baya, ga ka kwance kai a ƙarƙashin sitiyari ƙafafu a waje, bakinka a bushe, zufa na shiga ido, kana laluben waya ja a cikin wayoyin da wani gwani ya riga ya dagula. Na gaji a shekarar irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Da safe nakan zauna bakin gado in daɗe ina kallon takalmana kafin in sa.

Kowa da irin sautin da yake so. Dattawan direbobi masu jigilar Sakkwato karatu da tafsiri suke saurare, su dai muryar malam ta fito tas. Samarin gari dukan ganga suke so, irin wanda ke girgiza gilashi, a cika but da akwatin lasifika har a rasa wurin ajiye taya. Samarin Fulani kuma su zo daga rugagen wajen Lafani da babura sun sha ado, a ɗaura musu ƙaramar lasifika a ƙarƙashin kujera, su tsaya su huɗu a kanka suna shawara da Fillanci, ba ka san ko yabonka suke ko zaginka ba. Kuma duk wanda ka haɗa wa sai an gwada. Ba a gwada akwatin duka da wa'azi, dole a sa kiɗa, da azumi a baki. Tela maƙwabcina ya leƙo ya harare ni, in ɗaga masa hannu. Na sani, malam, na sani. Ni ma ba rawa nake yi ba.

Abin da babu wanda ya sani a tasha shi ne kunnena ya fara tafiya. Aikinmu na kunne ne gaba ɗaya. Mutum ya kawo mota ya ce, saurara, akwai abin da ke kaɗawa a ƙofar baya, kai kuma ka karkata kai ka ce takardar lasifika ce ta yage, ko ƙusa ce ta kwance. Da wannan aka san ni, har daga Amarawa ake kawo mini mota a wuce wasu rumfuna. Na yi shekara da shekaru ina cusa kai cikin but ana buga ganga a kan dodon kunnena, ban taɓa toshe shi da ko auduga ba, don wanda ya toshe kunne me zai ji ya gyara? Sannu a hankali siraran sautuka suka fara ɓace mini. Duka mai nauyi ina jin sa, muryar namiji ina kama ta, amma kukan tsuntsu da ƙarar waya da muryar mata sai su zo mini a dushe ko su ƙi zuwa. A madadinsu wani siririn kuka ya tare a cikin kaina, kamar na gyare, ba dare ba rana.

Na san abin da zai biyo baya in maganar ta fita. Tasha ba ta riƙe sirri. Ranar da aka ce mai haɗa sauti ba ya ji, ranar motoci za su koma wajen wani matashi da ya buɗe rumfa a hanyar boda, kuma ba zan ga laifin kowa ba. Wannan sana'ar kaɗai na iya, da ita nake ciyar da gida. Saboda haka na koyi dabaru. Nakan dafa tafin hannu a jikin ƙofa in ji kaɗawar ta fata. Nakan kalli fuskar mai mota lokacin da nake murɗa maɓalli, in ya saki fuska in tsaya nan in ce, ka ji wurin. In an yi mini magana ban kama ba, sai in ɗaure fuska in ce aiki nake, a bar ni. Dama an san ni da faɗa, sai faɗan ya zame mini mayafi.

Maiɗakina ce kawai ban iya ɓoye wa ba. Ita ce ke kira na daga madafa har sau nawa ban waiwaya ba, sai ta zo ta tsaya a gabana. Wata rana muna shan ruwa ta ajiye kofin kunu ta dube ni.

"Malam, kunnen ga naka sai an kai shi asibiti Sakkwato."

"Mi kic ce?"

"Ka gani ko."

"Na ji ki sarai. Bayan Sallah."

"Bara ma bayan Sallah kac ce."

Na ce mata in ta san wanda zai zauna mini a rumfa cikin wannan satin ta kawo shi. Ta tura mini farantin ƙosai. Haushi na ji, don gaskiya ta faɗa, ni kuma ba ni da ƙarfin ɗaukar gaskiya a lokacin.

Akwai wani aiki da nake yi kowace Sallah wanda ba na kuɗi ba ne. Unguwarmu tana da ɗan filin idinta a bayan gari, wajen gonakin albasa, kuma tun ina saurayi ni ke haɗa masa lasifika. Kayan nawa ne, manyan lasifiku biyu irin na masallaci, da amfilifaya, da makirfo, da batirin mota. Nakan ajiye amfilifayar a gindin bishiyar dogon yaro daidai ƙarshen sahun farko, in shimfiɗa dardumata kusa da ita, yadda in wani abu ya taso ina miƙa hannu zan gyara ko da ana cikin salla. Kowa ya san dokata: ba a taɓa mini kaya. Na taɓa yi wa wani ɗan kwamitin masallaci tatas a gaban mutane don ya murɗa maɓalli ɗaya, tun daga ranar ko kusa da bishiyar ba mai zuwa. Ina alfahari da wannan aikin, ba zan ɓoye ba. Duk shekara ina sa kiɗa a motocin mutane, ran idi kuwa muryar liman ce ke bi ta hannuna.

Ran jajibere na yi aiki har hannuna ya daina jin zafin dalma. Mota ta ƙarshe ta wani yaro ɗan canji ce, ya sa na kwance akwatin na sake ɗaurawa don wai dukan bai kai masa ciki ba. Da muka gwada, kan nawa ya ɗauki ƙara har na ji ƙasa tana juyawa. Na koma gida kunnuwana kamar an cika su da ruwa. Aka sanar an ga wata, yara suka ɓarke da murna a lungu, ni kuwa abin da na fara tunawa shi ne ban caja batirin idi ba.

Da asuba na ɗora kayan a kan baro na tura zuwa fili. Ba kowa sai tumaki. Na ɗaure lasifikun a kan sanduna, na ja waya, na kafa makirfo a inda liman zai tsaya, na ce gwaji, gwaji. Muryata ta dawo mini a dushe, kamar mai magana cikin tulu. Na ce batirin ne. Na ƙara sauti, na ƙara maɓallin da ke kaifafa murya, na sake ƙarawa har na ji ta fito yadda nake so, sannan na kashe don kada batiri ya zube. Na koma gida na yi wanka na sa sabuwar shadda, wadda tela maƙwabcina ya ɗinka mini duk da harararsa.

Kafin in dawo fili ya cika. Motoci sun jeru a gefen gona, rabinsu na san cikinsu fiye da masu su. Aka yi ta gaisawa, ana barka da shan ruwa, ina amsawa da abin da na san ana faɗa. A gefena na dama a sahu wani dattijo ne, tsohon direba, shi ne babba a tasharmu, kowa Baba yake ce masa. Tun ina koyon aiki ya san ni, Injiniya yake kira na, rabi girmamawa rabi tsokana. Liman ya iso, ladan ya ɗaga sandar makirfo ya matsar da ita gaba kaɗan don rana, ta koma kusan gaban lasifika ɗaya. Na gani, na ce a raina ba komai. Aka tayar da sahu, na sunkuya na kunna, na miƙe na ɗaga hannu tare da jama'a.

Ban taɓa jin daɗin sallar idi kamar wannan ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Muryar liman ta zo mini cikakkiya, kabbara bayan kabbara, har cikin ƙirji. Iskar safe tana kaɗawa, ba mai kira na, ba mai cewa in yi sauri. Na ji gajiyar wata guda tana sauka daga kafaɗuna. Siririn kukan nan yana nan, ya ma fi na kullum ƙarfi, amma na saba da shi, na ce aikin jiya ne ya tayar da shi.

Ana cikin Fatiha na ji gwiwar hannun Baba a haƙarƙarina. Na ɗauka matsi ne, na ɗan gusa. Ya sake taɓa ni. Na ce a raina tsufa dai, mutum ya kasa tsayuwa wuri ɗaya ko a salla. Sai kuma muryar liman ta fara raguwa. Na saci kallo ta wutsiyar ido, na ga ya ja da baya daga makirfo, ya karkatar da kai gefe. Raina ya ɓaci. Na sha gaya wa malaman nan su tsaya kusa da abin, na baya ma suna da haƙƙin ji. Sai na yi abin da nake ajiye darduma a wurin dominsa: na miƙa hannu a hankali na ƙara sauti.

Liman ya karanta gajeruwar sura, a raka'a ta biyu ya karanta wadda ta fi ta gajarta. Na lura da saurin, na ce ko zafin rana yake guje wa mutane. Muka yi tahiya, ya yi sallama.

Ban gama juyar da kai ba Baba ya tsallake gabana da rarrafe, da babbar rigarsa da komai, ya fizge waya daga kan batiri. Jinina ya hau.

"Baba, wa yac ce ka taɓa min kaya?"

Daga baya aka gaya mini da ƙarfi na faɗa, har sahu na huɗu an ji. Ni a ganina a hankali na yi magana. Baba yana riƙe da wayar yana dubana. Sai na ɗaga kai na ga sahu. Ba mai tasbihi, kowa ni yake kallo. Wani yana murza kunne da yatsa, wani ya dafe kai. Can baya wajen mata ana ta jijjiga jarirai, bakunansu a buɗe, ni ban ji kukan ko ɗaya ba. Ladan ya buɗe baki zai yi magana, liman ya ɗaga masa hannu.

Baba ya matso har gwiwarsa ta taɓa tawa. Ya sa fuskarsa daidai tawa, ya yi magana a hankali yana buɗe baki sosai, yadda ake yi wa wanda aka san ba ya ji.

"Injiniya, ba ka ji ba?"

"Mi?"

"Tun kabbara ta fari abin ga ke fito. Kamar a tsaga kan mutum. Muna jiran ka rage, sai kaƙ ƙara."

Na dubi amfilifaya, na dubi inda maɓallan suke. Ko makaho ya shafa su ya san za ta yi fito, da makirfo a gaban lasifika. Ni na kai su wurin da hannuna. Na nemi abin da zan ce, batiri, waya, ladan da ya matsar da sanda, duk suna bakina, kuma duk wanda na faɗa ba zai amsa tambayar da ya yi mini ba. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, tsoro kuma ya biyo bayanta, don na ga direbobin tasha a sahu na biyu da na uku, na ga ɗan canjin jiya.

Liman ya miƙe ya yi huɗuba da bakinsa kawai. Na ga jijiyar wuyansa tana tashi, dattijo ne, yana ƙoƙarin kai murya inda ba za ta kai ba. Ina zaune kusa da shi, kalma ɗaya ɗaya nake tsinta. Da aka watse ba wanda ya yi mini faɗa. Da ma sun yi. Mutane suka riƙa zuwa suna ba ni hannu, kowa ya sunkuyo ya ɗaga murya ya ce barka da Sallah, Allah shi ba da lafiya. Baba ya taya ni naɗe waya, abin da bai taɓa yi ba, ni kuma ban hana shi ba. Ya sa aka ɗora kayan a motarsa ya kai ni har ƙofar gida.

Maiɗakina ba ta je idi ba a ranar, tana fama da tukunya. Na shiga na zauna a kan tabarma da shaddata. Ta kawo tuwon shinkafa da miyar kaza ta ajiye, ta zauna a gabana, ba a gefe ba.

"Kin ji abin da yaf faru?"

"Ba wanda yag gaya min. Daga nan madafa nij ji shi."

Tsakanin gidanmu da filin akwai tafiya. Na wanke hannu na ci loma biyu don kada ranta ya ɓaci. A waje yawon Sallah ya fara, motoci suna wucewa ta bakin lungu, dukan yana shigowa ta bango yana kaɗa kwanon ruwa. Da yawansu aikina ne. Na kwanta na juya wa ƙofa baya, na yi barci har la'asar.

Bayan Sallah na je Sakkwato. Likita ya sa mini wani abu a kai ya ce in ɗaga hannu duk lokacin da na ji ƙara, na zauna ina jira, ashe an daɗe da farawa. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare saura, in nisanci ƙara. Na tambaye shi ko ya san aikina. Ya ce ya sani, shi ya sa ya faɗa.

Rumfa ban rufe ta ba. Ba wanda ya ce ya daina zuwa, kawai dai motocin kiɗa sun riƙa raguwa. Direba ya rage gudu a gabana, ya leƙo ta taga ya gaishe ni da babbar murya, ya wuce hanyar boda. Baba ya fara turo mini masu matsalar fitila da hon da abin goge gilashi, aikin waya wanda ido ke yi. Ina karɓa, ina godiya. Ana ci, amma ba kamar da ba.

Satin Babbar Sallah ya zo, tasha ta cika da raguna da masu tsallakowa, ni kuwa a karon farko tun ina saurayi ina zaune a benci da rana tsaka ba abin yi. Na sha roƙon Allah ya kawo mini satin Sallah da zan huta. Ga shi ya zo, ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Ran jajibere sai ga ɗan kwamitin masallaci, wanda na taɓa yi wa tatas. Ya yi sallama ya zauna, ya tambayi iyali, ya tambayi jiki, ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Sannan ya dube ni sosai ya buɗe baki a hankali.

"Malam, batun kayan idi ne. Munka ce ko ka ara muna. Kai bana ka huta, ka yi salla cikin natsuwa."

Na tashi na fito da lasifikun daga bayan rumfa, na goge su, na haɗa masa da wayoyin da batirin. Na ce ya gaya wa wanda zai haɗa kada ya bari makirfo ya shiga gaban lasifika. Ya ce to, zai faɗa.

Washegari na makara da gangan. Na shimfiɗa darduma can baya, kusa da inda ake ajiye babura, cikin mutanen ƙauye da ba su san ni ba. Daga nan ina hango matashin hanyar boda tsugune a gindin dogon yaro. Aka kabbarta. Muryar liman tana zuwa mini sama sama, ban san ko sautin ya yi kyau ko bai yi ba. Sai na kama kaina ina satar kallon fuskar mutumin da ke gefena, in ga ko zai yamutsa ta. Bai yamutsa ba har aka sallame.